Yaron da Ba Ya Makara a Bakin Ruwa

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan taɓo maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, har da ni kaina, domin ina cikin waɗanda laifin ya shafa. Maganar kuwa ita ce ta taɓarɓarewar ladabi da bin doka a makarantun gwamnati na yankinmu, wato ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam. Duk majalisar da ka zauna, ko a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi, hukunci ɗaya za ka ji an yanke: yaran zamani sun lalace, ba sa jin magana, ba sa ganin kowa da gashi, a dawo da bulala kawai a huta. Ni dai ban gamsu da wannan hukunci ba, ina ma ganinsa a matsayin wata dabara da mu manya muka ƙirƙiro don mu wanke kanmu. Ga dalilina.

Ina da ɗa, ɗan ƙanena, wanda ya kammala sakandare ba da jimawa ba. A shekarunsa uku na ƙarshe ban taɓa jin an ce ya isa makaranta kafin a tashi daga taron safe ba. Wata rana ƙarfe tara, wata rana goma, ran da aka tashi da hazo kuwa sai dai a gan shi gobe. Amma wannan yaron, shi ɗin dai ba wani ba, idan ranar ban-ruwan gonarsu ta zo, ba a tashinsa daga barci. Tun kafin kiran assalatu yana bakin magudana da tocila a hannu, cikin hunturun Janairu da ke sa babba ma ya ƙudundune, yana jera tiyo, yana toshe wannan fangali yana buɗe wancan, ƙafafunsa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Ba mai tsaye a kansa da dorina. Ba mai kiran suna.

Wata rana na same shi a gonar na ce masa, "Kai kuwa, me ya sa ba ka taɓa makara a nan?" Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai ruwa ba ya jiran kowa. In na makara na gaba ya ja abinsa, sai kuma wani zagayen, kafin nan tumatir ya yi yaushi." Na ce, "To makaranta fa?" Ya ɗan sunkuyar da kai, cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Baffa, makaranta ai ko yaushe ka je tana nan. Ko ba ka je ba ma ba wanda zai sani."

Wallahi na daɗe ban ji bayanin da ya fi wannan fito da ciwon fili ba, duk da tarurrukan ƙara wa juna sani da na sha zama a cikinsu.

Domin amfanin wanda bai san yankin ba, bari in ɗan yi bayani. Ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Yana gangarowa ne da kansa ta babbar magudana, ba tare da inji ba, ya ratsa Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa gonar talaka. An tsara aikin ne ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Abin lura a nan shi ne, ruwan na rabo ne. Idan na sama ya yi ɓarna, na ƙasa ne zai kwana da ƙishi. Saboda haka akwai ƙa'ida, akwai zagaye, akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙara wa ƙarfi a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Su ke bin kuɗin ruwa, su ke kiran gayyar yashe magudana da cire kachala. Ba ina cewa tsarin ba shi da aibi ba ne. Ana satar ruwa da dare, ana fasa bakin magudana, ana cacar baki har ta kai gaban dagaci. Sai dai duk wanda ya yi sakaci akwai idon da zai gan shi, in ma ido bai gan shi ba, gonar da kanta za ta tona masa asiri ranar girbi.

Haka abin yake ko'ina yaran nan suka sa ƙafa, in ka ɗebe makarantar boko. A kasuwar Kwanar Gafan, yaron da ya ɗauki kwandon tumatir ya kifar, a take za a cire a ladansa. A injinan gyaran shinkafa na Kura, wanda ya zo bayan an raba aiki, ranar ya yi asarar ta. A makarantar allo ba a wanke allo sai an biya karatu, in ka kasa, ka koma da shi gobe ko da sa'anninka sun yi maka nisa. Kakanninmu a marinar Kura, masu rinin turkuɗi da ake kai wa har ƙasar Buzaye, ba sa miƙa wa ɗan koyo ƙyallen mutane sai sun ga hannunsa ya faɗa. A duk waɗannan wurare yaronmu mai ladabi ne, mai kiyaye lokaci, mai tsoron a ce ya gaza. To yaya aka yi da ya sa kayan makaranta sai ya zama wani mutum daban? Ko dai rigar ce ke da aljanu?

Bari in faɗa maka abin da idona ya gani a wata makarantar da ba zan ambaci sunanta ba, domin ba ita kaɗai ba ce, kuma ba tozarta kowa na zo yi ba. Na isa da ƙarfe takwas da rabi. Ɗalibai na ta shigowa ɗaya-ɗaya, ta inda katanga ta rushe, ba mai ce musu kanzil. A aji guda na tarar da yara sun haura ɗari, rabinsu a ƙasa, wani babba a cikinsu yana rubuta sunayen masu surutu, malami kuwa ba labarinsa. Da aka fita tara, kusan rabin makarantar ba su dawo ba: wasu sun wuce tsinkar tumatir, wasu sun tafi korar tsuntsaye a gonar shinkafa, wasu kuma suna gindin mangwaro suna kallon waya. Na roƙi a nuna mini rajista. Aka kawo. Kowa ya zo, safe da rana, tun daga Litinin har Juma'a, alhali ranar Laraba ce! An riga an cike har kwanakin da ba su zo ba. Wannan littafi shi ne ya kamata ya zama idon makaranta, sai ga shi an mai da shi takardar shaidar zur. Kuma yaran sun san haka, domin galibi ɗaya daga cikinsu ake ba wa ya cike.

Daga nan sai ƙarshen shekara ta zo, kowa ya wuce aji na gaba. Wanda ya zo kullum da wanda aka gani sau goma a zango, duk tafiyarsu ɗaya. Da muna yara, maimaita aji abin kunya ne da ke hana yaro barci, uwarsa ma sai ta ji nauyin shiga gidan suna. Yanzu an ce babu wurin ajiye mai maimaitawa, domin na baya suna tafe kamar ambaliya. Na yarda akwai cunkoso. Amma a duba darasin da muka koya wa yaro mai ƙoƙari: ya ga wahalarsa da holewar abokinsa sakamakonsu ɗaya. Shekara ɗaya zai jure, ta biyu ya fara sanyi, ta uku ka same shi a gindin mangwaron shi ma. Mu da hannunmu muka hukunta mai ladabi, muka saka wa mai sakaci, sannan muka koma majalisa muna tsaki.

A wajen jarrabawar fita kuwa, a nan gizo ke saƙar. Satar amsa ba yau ta fara ba a ƙasar nan. Tun a 1977 aka yi babbar fallasar takardun jarrabawar WAEC har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 aka sake wata dokar mai tara da ɗauri. Dokoki dai ga su nan jibge. Bambancin jiya da yau shi ne, a da yaro ke satar amsa a ɓoye yana karkarwa kada malami ya gan shi, yanzu kuwa a wurare da dama manya ne ke shirya masa ita, shi nasa kawai ya kwafa.

A nan zan faɗi laifina, domin bai kamata in nuna kowa da yatsa ba alhali hannuna da ɗoyi. Shekarar da ɗan nan nawa zai fita, ƙanena ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, an ce kowane yaro ya kawo wani abu na taimako, don a kula da baƙin da za su zo tsaron jarrabawa. Ni kuwa ka ga ban sayar da shinkafa ba tukuna." Na san ma'anar wannan taimako sarai. Ba yaro ba ne ni. Na yi shiru na ɗan lokaci, na ce a raina kowa ma yana bayarwa, in na hana shi kaɗai zai faɗi, uwarsa ta ce na yi masa baƙin ciki. Na sa hannu a aljihu na bayar. Washegari na tafi masallaci na zauna a sahun gaba kamar ba abin da ya faru. Allah Ya yafe mini. Sakamako ya fito, yaro ya sami kiredit har da na Turanci da Lissafi, aka yi ta barka.

Ba a yi wata shida ba gona ta yi mana hisabi. Aka ba shi kwalbar maganin feshi ya haɗa ya fesa wa irin da za a dasa. Bayanin awo yana jikin kwalbar, da Turanci mai sauƙi, murfi kaza a cikin lita kaza. Mai kiredit a Turanci da Lissafi ya juya kwalba, ya sake juyawa, kunya ta hana shi tambaya, ya zuba da ka. Kwana biyu iri ya ƙone ƙurmus. Uban ya ɗauko sanda, na riƙe hannunsa na ce, "In duka za a yi, ni da kai za a fara jibga, domin mu muka sayo masa takardar da ta ce ya iya." Kuɗin iri da na magani asara ce mai sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar yaron a ranar, ran da ya gane cewa shekara 12 da ya yi yana sa kayan makaranta ba ta ba shi ikon karanta jikin kwalba ba.

Yanzu bari in koma kan masu kiran a dawo da bulala. Da farko dai bulala ba ta je ko'ina ba. Har gobe ana dukan yara a makarantunmu, ana sa su kamun kunne da tsallen kwaɗo, ladabin kuwa bai dawo ba. Dukan da ake yi yau na huce haushi ne: ran da malami ya tashi da ɓacin rai a zane kowa, ran da ya tashi da fara'a a kyale kowa. Yaro ba ya koyon doka daga irin wannan, yanayin fuskar malami kawai yake koyon karantawa. Sannan masu jingina bulala ga addini su sani malamanmu na farko sun fi mu taka-tsantsan. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rayu a ƙarni na uku na Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban masu koyarwa, ya iyakance dukan yaro ƙwarai, bai yarda a wuce bulala uku ba sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska, ya hana duka cikin fushi. Kuma a littafin nan nasa ya ɗora wa malami sharuɗɗa masu nauyi: ya tsaya a kan karatun yaran da kansa, kada ya shagala da wata sabga a lokacinsu, ya yi adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Mu mun riƙe bulalar, mun watsar da sharuɗɗan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, shi kuma ya yi bayani a Muƙaddima cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa zuciya, ta koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira daga hannun mai dukansa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana rantsuwa da Allah a kan ƙarya don gudun dorina ya san gaskiya malamin ya faɗa.

Akwai kuma wani abu mafi muni. Idan manya suka janye daga tarbiyya, ba a zama haka nan, wani ne zai ɗauki sandar. A makarantu da yawa manyan ɗalibai ne suka zama alƙalai, su ne 'yan doka, su ne masu zartarwa. A watan Yulin 2025, a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, ɗalibai biyu suka rasa rayukansu, aka zargi 'yan'uwansu ɗalibai da yi musu hukunci da hannunsu, 'yan sanda suka tsare 11. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗannan 'ya'yan mutane ne da aka kai neman ilimi. Wanda duk ya ji wannan labari ya ce ƙarancin duka ne matsalar makarantunmu, to a binciki tunaninsa. Tambayar da ta kamata ita ce, ina manyan da aka damƙa wa amanar kwanan yaran suke a wannan dare?

Mun sha gwada gyaran tarbiyya da gangami. A 1984 aka yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka bi layi na ɗan lokaci saboda tsoron soja, da sojan ya kau layi ya watse. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da A Daidaita Sahu, da kyakkyawar niyya, aka yi ta wa'azi a rediyo da alluna a bakin titi. Yau in ka ce A Daidaita Sahu, yaro babur mai ƙafa uku zai tsayar maka. Wa'azi yana da amfani, ni ma ga shi ina yi, amma wa'azin da ba a bi shi da ƙidaya da bibiya ba, iska ce ke tafiya da shi.

Wani zai ce, Malam, ka manta da talauci. Ban manta ba. Na san lokacin tsinkar tumatir da dashen shinkafar rani yana faɗowa ne a tsakiyar zangon karatu, kuma yaron da ya yi wuni a gona zai koma gida da abin da zai sa a ɗora tukunya. Na san yarinyar da ke tsaye da masara a bakin titin Karfi ba don sha'awa take shaƙar hayaƙin manyan motoci ba. Amma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: yankinmu ba ya cikin mafi talauci a jihar nan. Muna noma rani da damina a lokacin da wasu ke jiran ruwan sama. Mutumin da ke sayen taki buhu-buhu, ya sauya babur bayan girbi, ya ƙara aure, shi ne zai ce ba shi da halin ɗaukar ɗan ƙwadago sai dai ya cire ɗansa daga aji. Uban yana lissafi ne, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne: ya ga in yaro ya yi wata guda a gona ba abin da zai rasa a makaranta, za a rubuta ya zo, zai wuce aji, zai sami takarda. Da ya san fashin wata guda zai jawo maimaita shekara, da ya sake lissafi. Saboda haka ko fashin da ake ɗora wa talauci, rabinsa rashin hisabi ne ya haife shi.

Malamai kuma ba zan yi musu rufa-rufa ba, ko da yake na san zafin da suke ciki. Albashin da ba ya kai tsakiyar wata, aji mai yara fiye da ɗari, ba alli, ba kujera, ga uban da zai zo har makaranta ya ci mutuncin malami a gaban ɗalibai don an tsawata wa ɗansa. Na san malamai a yankin nan da ke zuwa a kan lokaci shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce musu sannu, Allah Ya saka musu da alheri. Amma akwai waɗanda su ma gonarsu ta fi ajinsu, ranar ban-ruwa ba a ganinsu, akwai masu zuwa daga birni sau biyu a mako bisa yarjejeniya da abokan aiki. Malamin da ya iso ƙarfe goma, da wane baki zai tambayi yaron da ya iso tara da rabi? Albashi kaɗan ne, gaskiya ne, amma an karɓe shi a kan alkawarin aiki, kuma wanda ya karɓi lada bai yi aikin ba ya san sunan abin da ya ci. Abin takaici, mai zuwa kullum da mai fashi ranar ɗaya suke jin shigar albashi, matakin girma ɗaya suke hawa. Cutar da ke cin ɗalibai ita ce dai ke cin malamansu.

Hukuma fa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya kai ɗansa makaranta har ƙarshen ƙaramar sakandare, ta tanadi gargaɗi a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Ka tambayi dattawan unguwarku ko sun taɓa ganin wanda aka yi wa ko da gargaɗin. A 2019 gwamnatin Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma dole. Kyautar an ji ta a rediyo, dolen ce ba mu gani ba. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka shiga gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai, kuma duk mai adalci zai yaba da a ce shugaba ya fito ya amsa cewa gida ya rushe. Sai dai gini da kujera jiki ne. Ana iya shafa wa aji fenti mai kyau a ci gaba da cike rajistar ƙarya a cikinsa. A 2025 an yi ta shewa cewa Kano ce kan gaba a yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a jarrabawar NECO. Ina taya duk yaron da ya samu da guminsa murna, kuma suna da yawa. Amma ni da na ga mai kiredit ya ƙona iri, ba a burge ni da ƙidayar takardu. A kawo yaran a miƙa musu kwalbar magani.

Mu da muke ɗaukar kanmu masu addini, nan ne abin ya fi ba ni kunya. Kowane ɗan Islamiyya ya haddace hadisin makiyayi da abin kiwonsa, kowa ya san hukuncin algus da shaidar zur. Amma mun ware makarantar boko mun ajiye ta a wani lungu da muke ganin kamar halal da haram ba sa shiga. Mutumin da ba zai taɓa zuba tsakuwa a buhun shinkafa ba, shi ne zai biya a rubuta wa ɗansa amsa a allo, bai ga ya yi komai ba. Alhali takardar nan da ita za a nemi aikin asibiti, da ita za a koma aji a matsayin malami, da ita za a ci albashi shekara 35. Algus ɗin buhu mutum ɗaya yake cuta, wannan kuwa har jikoki. Sau nawa ka ji limami ya yi huɗuba a kan kuɗin taimako ana gab da jarrabawa? Ni dai a masallatan da nake sallah ban taɓa ji ba, ko da yake a sahu akwai shugaban makaranta, akwai iyaye, akwai masu tsaron jarrabawar kansu. Watakila shi ya sa.

Abin da nake kira gare shi ba sabon abu ba ne, a bakin magudana na gan shi. Kowace makaranta a ƙa'ida tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kanta, ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Yawancinsu ba sa haɗuwa sai in za a karɓi kuɗi ko za a tarbi baƙo. Me zai hana su yi aiki irin na ƙungiyar masu ruwa? A ce kowace safiya dattijo ɗaya, bisa zagaye, ya zauna a ƙofar makaranta daga bakwai da rabi zuwa tara, ya dawo bayan an koma daga tara. Ba sai ya iya boko ba, ido kawai ake bukata, kuma yaron da ba ya jin kunyar malami baƙo zai ji kunyar aminin kakansa. A fara kiran sunan malamai kafin na ɗalibai. Yaron da ya yi fashin kwana uku a jere a kai sunansa ga mai unguwa, a kira uban a tambaye shi a gaban mutane, yadda ake kiran wanda ya ƙi fitowa gayyar yashe. Kada yaro ya bar aji uku na firamare sai ya karanta shafi guda na Hausa a gaban uwarsa ko ubansa, ya yi lissafin kuɗin kwando goma. In kuwa aikin gona ya zama dole a wasu makonni, to shugabanni su nemi a ba yankin noman rani hutun girbi na gaskiya, a rama shi a wani lokaci, ya fi a ci gaba da ƙaryar cewa ana karatu alhali aji wayam.

Na kai wannan magana taron iyaye na makarantar da ƙanen yaron nan yake yanzu. Da na zo kan kuɗin taimako sai wuri ya yi tsit, kowa ya sa ido a ƙasa. Wani dattijo ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma in mu muka daina, na sauran garuruwa ba su daina ba, 'ya'yanmu ne za su faɗi." Na ce masa, "Baba, sun riga sun faɗi, takardar ce kawai ba ta faɗa mana ba." Ba a yanke komai a kan wannan ba, aka ce sai zama na gaba. Amma zaman ƙofa an karɓe shi, mutum shida suka ba da sunansu, aka ba ni ranar Talata. Talatar farko na ƙirga yara 74 da malamai uku da suka shigo bayan ƙarfe takwas. Ban daki kowa ba, ban zagi kowa ba, sunan uban kowane yaro kawai na tambaya na rubuta, malaman kuma na gaishe su na dubi agogo. Shi kuwa babban, mai kiredit, yanzu kullum bayan magariba yana zaurena da littafin aji huɗu na firamare, muna bi baƙi-baƙi. Ya roƙe ni kada in bari ƙannensa su gani, don haka nakan sa a rufe ƙofar zauren.